Yatsan Fo Anani

A kulob ɗinmu na tanis da ke bakin teku a Lome, in Fo Anani ya ɗaga yatsa sama, magana ta ƙare. A ƙananan gasanninmu ba a ɗora alƙali kan kujera sai ranar wasan ƙarshe, saboda haka kowane ɗan wasa shi ne alƙalin rabin filinsa. Ƙwallo ta faɗi bayan layi, ka ɗaga yatsa. Ta faɗi ciki, ka shimfiɗa tafin hannu ƙasa, maki ya tafi ga abokin karawarka. Filin jar ƙasa ne, duk inda ƙwallo ta dira sai ta bar tabo, wanda bai yarda ba kuma yana da ikon ya zagayo raga ya ce a nuna masa. Fiye da shekara ashirin babu wanda ya taɓa zagayo ragar Anani Tsogbe. Ba tsoronsa ake ji ba, ba a dai taɓa samun dalili ba.

Ni ne Folly, abokin wasansa na biyu-biyu tun muna samari. Tare muka taso muna tsinto wa Turawa da 'yan Labanan ƙwallo a wannan filin, ƙafa ba takalmi. Ubansa masunci ne, teku ta tafi da shi Anani bai gama famfara ba. Uwarsa bandar kifi take yi, shi ya sa in ya zo kulob da safe ƙaurin hayaƙi ke riga shi isowa, matan Turawa suna toshe hanci. Raket ɗinsa na farko da katakon fasasshen kwalekwale ya sassaƙa shi. In manya sun tafi cin abinci da rana, sai mu shige filin mu yi ta bugu har a koro mu.

Ya fi ni hannu, ban taɓa musun wannan ba. Da muka zama 'yan wasan da ke ci da tanis, mun sha motar haya zuwa Akara, Kwatano, Legas, Abijan, mu kwana a tasha da raket a matsayin matashin kai, da safe mu kara da yaran da suka sauko daga jirgin sama. Bai taɓa zama wani abu a duniya ba, kada in yi masa ƙari. Sunansa ya ɗan leƙa jerin 'yan wasan duniya can ƙasa-ƙasa, ya yi 'yan shekaru, ya fice. Amma wata shekara a Abijan ya yi abin da ya sa har yau tsofaffin 'yan wasa ke ambatonsa. Maki ɗaya ya rage ya cinye wani Bafaranshe, mutumin ya bugo ƙwallo, alƙalin kan kujera ya ce ta fita. Wasa ya ƙare ke nan, Anani ya ci. Sai ya tsaya, ya dubi tabon, ya shimfiɗa tafin hannunsa. Aka ci gaba da wasa, Bafaranshen ya cinye shi. A motar dawowa na zage shi tun daga Abijan har kan iyaka, ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce, "Folly, to in na ci da ita, da wace fuska zan kalli tabon gobe?"

Tun daga nan ake ce masa Alƙali. Ko a wasan da ba nasa ba, in gardama ta tashi kan layi, shi ake juyowa a kalla. Duk yaron da ya koya wa wasa kuwa, kafin ya nuna masa riƙon raket sai ya haddatar da shi magana ɗaya: ƙwallon da ba ka gani ba, ta abokin karawarka ce. Wannan sunan shi ne duk abin da tanis ta bar masa. Ba gida, ba mota, ɗakin haya biyu a unguwar Be, kuma Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa Ayele, da ake ce wa Da Ayele, wato yaya Ayele, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa.

Da ya haura talatin da biyar gwiwa ta fara magana. Ni tuni na ajiye raket, na karɓi shagon lemo da soyayyar doya na kulob. Shi ya ƙi. Ga yara sun taso, dogaye kamar falwaya, sun koyi bugu a waya, ƙwallonsu na fita kamar harsashi. Shekaru suka yi suna fitar da shi a zagayen farko. Suka daina ce masa Fo, wato yaya, suka koma Togbe, wato kaka.

"Togbe, a kawo kujera cikin fili ne?"

"Ka kawo wa ubanka, shi da ya gaji tun bai buga komai ba."

"Togbe, gwiwar nan tana gaishe mu fa, tun daga ƙofa muke jin ta."

Yakan yi dariya, amma na san inda abin ke sukarsa. Da safe ya koya wa matan manya wasa, suna bugo ƙwallo sama kamar masu korar tsuntsaye, yana cewa madalla. Da yamma yaron da ya ɗaure wa igiyar takalmi ya yi masa dukan kawo wuƙa. Da Ayele ta yi magana har ta gaji, ta ce ya zo ya tsare mata rumfa, ya ce shi ba a haife shi don auna yadi ba.

Sai ga shekarar da ya cika arba'in. Bayan manyan ruwaye ya dawo da wani irin wasa. Ya daina gasar ƙarfi da yara. Sai ya riƙa yanko ƙwallo ƙasa-ƙasa tana silalewa a jar ƙasar, ko ya sako ta dab da raga ta mutu nan take, yaro ya taho a guje, ya ɗaga masa ita ta bisa kai. Duk wanda ya ce maka wannan dabara ba gaskiya ba ce, bai kalli wasan ba. Ya cinye Dodzi, mai bugun da ya fi na kowa ƙarfi. Ya ɗauki kofin kulob, ya ɗauki na garin Kpalime. Gidan rediyo ya kira shi, aka ce tsohon zaki ya farka. Mutanen da suka manta hanyar kulob suka dawo, doyata ta riƙa ƙarewa tun la'asar. Na ga Anani yana tafiya kafaɗa a buɗe kamar da, na ji daɗi har raina.

A wasansa na biyu da Dodzi na fara gani. Ina zaune dab da layin da ke hannunsa na hagu. Dodzi ya sako ƙwallo ta bin layin, ta dira ciki sarai, ko makaho ya shafa zai ce ciki ce. Yatsan Anani ya tashi sama, ba ko ɗar. Dodzi ya tsaya, ya dube shi, ya dube mu 'yan kallo, ya koma bayan layinsa. A wurinmu yaro ba ya zagayo raga ya ce wa babba nuna mini. Dokar wasa ta yarda, amma gari bai yarda ba. Wanda ya yi haka, kafin ya isa gida labari ya riga shi, uwarsa ta tare shi a ƙofa. Balle kuma a ce Alƙali ne za ka ƙaryata.

Na ce kuskure ne, ido ba mudu ba. Sai na sake gani, na kuma sake gani, kuma kullum a hagu. A dama kuwa yana nan yadda yake, har ƙwallon da ta fita da ɗan kaɗan yakan ba yaro in yana shakka. Yaran ba wawaye ba ne. Ba su yi shawara ba, amma ɗaya bayan ɗaya suka daina nufar layin hagun Togbe, tunda duk wadda ka aika can asara ce. Sai su turo masa ta tsakiya, inda ba ya buƙatar gudu. Fili ya ƙanƙance musu, gwiwarsa ta huta. Shi kuwa yana ganin dabararsa ce kaɗai ke aiki.

Sannan na fara lura da sauran abubuwa. Kafaɗarsa ta hagu tana yawan bugun ƙyauren shagona. In na ajiye masa kwalba a hagu sai ya tambaya ina lemonsa. Na je kasuwa na sami Da Ayele, ban gama tambaya ba ta ajiye almakashi.

"Kai ma ka gani? In na ajiye kwanon miya a hagunsa sai ya ci tuwo gaya yana mita. Makon jiya saura ƙiris ɗan acaɓa ya kwashe shi. Na ce mu je asibiti, ya ce idon da ke ganin ƙwallon Dodzi ne za a kai wa likita?"

"Kin faɗa masa zancen layi?"

"Ni me na sani a layi, Fo Folly? Kai ne abokinsa."

Na same shi da yamma yana wanke jar ƙasa daga safarsa a bakin famfo. Ban iya zagaye-zagaye ba, ban kuma taɓa koya ba.

"Anani, idonka na hagu ya samu matsala. Ƙwallayen da kake fitarwa a can, da yawansu ciki suke."

Ya daina wankin. "Sake faɗa."

"Ka ji ni."

"Ni? Ni nake satar ƙwallo?"

"Ban ce sata ba. Na ce ba ka gani."

"To me ya hana yaran magana? Bakinsu ciwo yake? Ga raga, ga ƙafa, wa ya zagayo?"

"Wa zai zagayo maka, kai ma ka sani."

Ya matse safar, ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara nawa kana soya doya kana kallona ina faɗuwa, ba ka taɓa cewa idona ya lalace ba. Sai yau da na tashi. Folly, ashe haka zuciyarka take?"

Ya fi wata bai yi mini magana ba, lemo ma sai ya aika a sayo masa daga waje. Na je wurin shugaban kulob na ce a riƙa sa alƙali a duk wasan Anani. Mutumin ya kama hannuna yana murmushi. "Folly, bar tsoho ya ci lokacinsa. Ka ga jama'a kuwa? Shekara ɗaya ce, ƙafar za ta ajiye shi da kanta." Haka kowa ya ce, kowa da irin lafazinsa. Suna kiran abin girmamawa. Ni ban ga girmamawa a ciki ba. Mutum yana tafe da yagaggen wando a kasuwa, kuna bin sa da tafi, kuna cewa kunya ce ta hana ku faɗa masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Babbar gasar ƙarshen shekara ta zo. Wanda ya ɗauke ta shi ake ba gurbi ɗaya tilo a gasar ƙasashen waje da za a yi a garinmu, inda masu neman 'yan wasa ke zuwa kallo. Anani ya kai wasan kusa da na ƙarshe, aka haɗa shi da Senam. Senam ɗan shekara goma sha tara ne, ɗan wata mai sayar da burodi a bakin tashar jiragen ruwa, kuma Anani ne ya tsinto shi yana buga lemon tsami da murfin tukunya, ya kawo shi kulob. A duk yaran babu mai hannunsa, kuma mafi kyawun bugunsa shi ne wanda ke bin layin hagun abokin karawa. Anani ne ya koya masa.

Da safen ranar na ja yaron bayan shago. "In ya ɗaga yatsa a ƙwallon da ka san ciki take, ka zagaya."

"Tonton Folly, ba zan iya ba." Tonton, wato kawu, haka yara ke kirana.

"Gurbin nan naka ne. Shi me zai yi da shi, a shekara arba'in?"

"Shi ya saya mini takalmin farko. In na zagaya, da wane ido zan shiga unguwa? Uwata ma sai ta ce ba ta haife ni ba."

"To ka zauna da kunyarka, ka ga ko za ta sa ka a jirgi."

Ya tafi yana gyara igiyoyin raket da yatsu.

Wurin ya cika har kan katanga. Da Ayele ma, da ba ta taɓa barin rumfa don wasa ba, ta zo ta zauna a gefe da jakarta a cinya. Senam ya ci turmin farko da ƙarfin tsiya, yana bugawa ta tsakiya da dama kawai, kamar mai dambe da hannu ɗaya a ɗaure. A turmi na biyu Anani ya ja shi raga ya mayar da shi baya har yaron ya fara haki. Duk lokacin da ya matsu ya saki bugunsa na layin hagu, yatsa ya tashi. Wasu sun fita da gaske. Wasu kuwa, sai ka ji 'yan kallo sun yi tsit, wani ya yi tari, wani ya dubi takalminsa. Anani ya ci na biyu. A na uku gwiwarsa ta kumbura har ana gani daga nesa, yana ɗingishi tsakanin maki da maki, amma bai sassauta ba. Ban taɓa ganin ya yi wasa da zuciya kamar ranar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Aka zo inda maki ɗaya ya rage Anani ya ci. Ya yanko ƙwallo, ya biyo ta zuwa raga, ya tare tsakiya da dama. Babu inda ya rage wa Senam sai layin hagu. Ya sake ta. Ta wuce Anani, ya juya kai yana nemanta, ta dira ciki ta tashi ta bugi wayar shinge. Yatsa ya tashi sama.

Shugaban kulob ya fara tafi, mutum biyu-uku suka taya shi, tafin ya mutu. Senam ya tako zuwa raga da hannu a miƙe, hawaye na bin fuskarsa. Anani ya kama hannun, bai saki ba. Daga inda nake ina jin su, don wurin ya yi shiru har ana jin teku.

"Wanda na koya wa wasa ba ya kuka don an cinye shi. Mene ne?"

"Ba komai, Togbe. Barka."

"Dube ni. Ƙwallon nan fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Zagayo."

"Togbe, don Allah."

"Na ce zagayo!"

Da hannu ya jawo shi ta gefen raga. Senam ya je ya tsaya kan tabon, ya zana masa da'ira da bakin raket. Anani ya zo ya tsaya, yana karkata kai kamar kaza don ya sa abin a idonsa na dama. Bai gamsu ba, ya durƙusa a kan kumburarriyar gwiwar, ya sa hannu tsakanin tabon da farin layi. Yatsunsa huɗu suka shige, har da saura.

Ya daɗe a haka. Sannan, bai ɗago ba, ya ce, "Sau nawa?"

Senam ya share hanci da gefen riga. "Togbe, na yau, ko tun damina?"

Anani ya ɗago ya dubi 'yan kallo. Sai da ya juya dukan jikinsa kafin ya ga na hagu. Ya nemo Dodzi, Dodzi ya kau da kai. Ya nemo sauran yaran da ya cinye a shekarar, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Da ya iso kaina na tsaya ina kallonsa, ba ni da abin da zan ƙara. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya shimfiɗa shi a kan jar ƙasar, yadda kowa zai gani. A doka, wasa zai ci gaba ne daga nan. Bai ci gaba ba. Ya miƙe da kyar, ya sa raket a jaka, ya ce wa mai rubuta sakamako ya sa sunan Senam. Da Ayele ta taso ta karɓi jakar, ta tsaya a hagunsa, suka fita.

Da suka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ba ya zafi, yana cin gani daga gefe har ya iso tsakiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ana ɗiga masa magani don ya jinkirta. Ya ce da an zo da wuri da an ceci wani abu. Senam ya ci wasan ƙarshe ya sami gurbin, wani ɗan Masar ya fitar da shi a zagayen farko, yanzu yana koya wa 'ya'yan masu kuɗi wasa a wani otal a Akara.

Anani ya zuba kofunan shekarar a buhu, ya ce in raka shi. Wannan ce maganar farko da ya yi mini tun bayan faɗanmu, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Muka bi gidajen yaran. Babu wanda ya yarda ya karɓa. Uwar Dodzi har durƙusawa ta yi tana roƙonsa ya rufa musu asiri. Ya ajiye kowane kofi a bakin ƙofa, muka wuce.

Na ɗauka garin zai riƙe abin da ya yi a ƙarshe, yadda ya riƙe na Abijan. Ban san mutane ba ashe. Waɗanda suka yi shiru wata da watanni, bakinsu ya buɗe rana ɗaya. A mashaya aka ce dama ya sani, aka ce wa ya san tun yaushe yake yi, aka ce na Abijan ma ƙila neman suna ne. Kafin shekara ta zagayo, in yaro ya fitar da ƙwallon da ke ciki, sai ka ji abokinsa ya ce, "Kai, kada ka yi mini Anani." Na mari wani yaro a kan haka, uban ya zo muka yi ta. Maganar ba ta mutu ba, ta ma fita daga tanis, har a wasan kati na ji ta.

Yana zuwa kulob har yanzu, da yamma, ya zauna a benci kusa da shagona, fuskarsa a karkace wajen fili. Kwanan baya wasu yara biyu sababbi suna wasa, ba su kai shekara goma sha biyu ba, ba su san kowa ba. Ƙwallo ta dira kusa da layi, ɗaya ya ɗaga yatsa.

"Ƙarya ne, ciki take! Kada ka yi mini Anani!"

"Kai ne Anani! Ubanka ne Anani!"

Na ajiye matsamin doya zan fita, ya riƙe mini riga. Yaran suka waiga neman babba, suka ga tsoho a benci dab da layin.

"Togbe, kai kana kusa. Ciki ko waje?"

Duk tsawon zamana da shi ban taɓa jin an yi masa wannan tambaya ya rasa amsa ba. Hannunsa na nan kan rigata.

"Ban gani ba, 'ya'yana," ya ce. Sannan ya juya wajen wanda ya ɗaga yatsa. "Kai fa, ka gani da kyau?"

Yaron ya sosa kai. "Ba sosai ba."

"To tasa ce. Ƙwallon da ba ka gani ba, ta abokin karawarka ce."

Yaron ya yi tsaki, ya jefa wa ɗan'uwansa ƙwallon, suka ci gaba. Ba su tambayi sunansa ba, shi ma bai faɗa ba.